Tarihin da Ke Cikin Lungu: Yadda Ake Adana Labarin Unguwannin Birnin Kano

Kano ba ta rasa rubutaccen tarihi ba. Kundin nan na Tarihin Kano, wanda Palmer, wani jami'in mulkin mallaka na Birtaniya, ya buga fassararsa da Ingilishi a 1908, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. A ciki ne ake samun cewa Gijimasu ya fara ganuwa, Wangarawa sun iso a zamanin Yaji, Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar Kurmi. Sai dai duk wannan labarin fada ne, na yaƙi da naɗi da tuɓewa. Wanda yake son sanin wa ya haƙa rijiyar da ke bayan masallacin unguwarsu, ko yaushe masaƙa suka bar wani lungu dillalan goro suka maye gurbinsu, ba zai samu a can ba. Irin wannan tarihin yana bakin tsofaffi, da cikin gafaka da adaka, da jikin katangun ƙasa, kuma duka ukun suna ƙarewa a lokaci guda.

Ba a hankali yake ƙarewa ba, kamar yadda ake zato. Yana da ranakun da yake salwanta, kuma an san su. Ranar da tsohuwar da ta san auratayyar gidaje goma ta rasu. Ranar rabon gado, da ake raba littattafan malami ɗaya tsakanin magada kamar yadda ake raba tukwane, wani lokaci littafi guda ya tsage gida biyu. Ranar da aka sayar da gida aka kawo katafila domin a gina shaguna. Sai kuma ranar da aka sace wayar wani matashi wanda ya yi shekara yana naɗar hirarraki bai taɓa kwafe su ko'ina ba. Ta ƙarshen nan ita ce ta fi ciwo, domin an riga an yi wahalar. Abin da ke kashe yawancin irin wannan yunƙuri ba rashin kishi ba ne. Masu kishi suna da yawa. Rashin tsari ne wajen tantancewa da ajiya, da kuma rashin mayar wa mutanen unguwa abin da aka karɓa daga hannunsu.

Sunan unguwa shi ne shaida ta farko. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, duk suna nuna inda mutane suka fito. Soron Ɗinki, Dukawa, Takalmawa, Lokon Maƙera suna nuna sana'a. Sharifai tana da nasaba da zuwan Shehu Maghili a zamanin Rumfa, Madabo kuwa tsohuwar cibiyar malamai ce da ake dangantawa da Wangarawa. Amma suna yana iya yaudara: Turawan da ke cikin sunan Dandalin Turawa Larabawan arewacin Afirka ne, 'yan kasuwar da suka ratso sahara, ba 'yan mulkin mallaka ba. Kuma kusan kowace unguwa tana da wani labari mai daɗi da ke bayyana asalin sunanta, wanda sau da yawa daga baya aka ƙirƙire shi domin ya dace da sunan. A rubuta labarin, amma a rubuta shi a matsayin abin da ake faɗa. Akwai ma'auni guda mai amfani a nan: Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike da ya zo Kano a 1851, ya zana taswirar birnin ya kuma jero sunayen unguwanni. Idan sunan unguwa ya fito a jerinsa, an tabbatar ta girmi shekarar. Idan bai fito ba, wannan bai tabbatar da komai ba, domin baƙo ne, kuma ba kowane lungu ya shiga ba.

Hira da tsofaffi ita ce ƙashin bayan aikin, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Kuskure na farko shi ne tambayar “Baba, a ba mu tarihin unguwar nan.” Wanda aka yi wa wannan tambaya zai fara daga Barbushe da Tsumburbura, ya bi ta Bagauda, ya maimaita abin da ya ji a rediyo, awa guda ta ƙare ba a taɓo abin da shi kaɗai ya sani ba. Tambaya mai amfani ƙarama ce. Wa ke zaune a gidan da ke gabas da naku lokacin da kuke yara? Ina ake ɗebo ruwa kafin a kawo famfo? A wace makarantar allo kuka yi karatu, wa ya gaji malamin? Ina aka haƙo ƙasar da aka gina gidan nan? Tambayar ƙarshen nan tana buɗe tarihin kududdufai, waɗanda asalinsu ramukan ɗibar ƙasar gini ne, kuma yawancinsu yanzu an cike su an yi gini a kai. Idan mai ba da labari yana da ƙafa, tafiyar minti talatin da shi lungu-lungu ta fi zaman awa biyu, saboda ƙofar gida ko kututturen durumi suna tuno masa da abin da tambaya ba za ta tuno ba.

Kada a yi hirar a majalisa. A majalisa babba ne ke magana, ba wanda zai ce masa “ba haka ba ne” a gaban jama'a, sai a tashi da ruwaya guda alhali akwai uku. Majalisa tana da amfani wajen samun sunayen waɗanda za a je wa, amma hirar kanta a yi ta da mutum ɗaya. Sannan rabin tarihin unguwa yana cikin gida, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. Mata tsofaffi su suka san wace aka auro daga ina, wa ya sha nono da wa, wane gida ne ke kaɗi, wane ke yin alkaki ko gurasa, da waƙoƙin niƙa da na daɓe da ke ɗauke da sunayen mutanen da maza sun manta. Ƙungiyar da ba ta da mace mai naɗar hira ta yarda ke nan da asarar wannan rabin.

Game da naɗar muryar, wayar hannu ta isa idan an bi ƙa'ida. A sa ta a yanayin jirgi domin kada kira ya yanke hira. A ɗora ta a kan matashi ko naɗaɗɗen zane, taki ɗaya zuwa biyu daga bakin mai magana, ba a riƙe a hannu ba. A kashe fanka, a guji zauren da ke kallon titi, domin kunnen mutum yana tace ƙarar adaidaita sahu da janareto, na'ura kuwa ba ta tacewa. Lokaci mafi kyau shi ne hantsi zuwa kafin azahar, kuma kada zama ɗaya ya wuce awa guda zuwa awa ɗaya da rabi. Tsoho idan ya gaji yakan fara amsa “haka ne” ga duk abin da aka faɗa. A zaɓi manhajar da ke naɗa da tsarin WAV, ba saƙon muryar WhatsApp ba, wanda ke matse sauti. Awa guda ta WAV mai inganci tana cin daga rabin giga zuwa giga ɗaya. Wannan shi ne uwa, ba a taɓa shi. Daga gare shi ake cire kwafin MP3 na rabawa. A farkon kowace hira mai naɗa ya faɗi kwanan wata, da wuri, da sunan mai magana, sannan mai maganar ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda a ajiye, da kuma ko ya yarda a yaɗa. Izinin ajiya daban, na yaɗawa daban.

Rubuta hirar ita ce wahalar da ba a lissafawa. Awa guda ta magana tana cin awa shida zuwa takwas kafin a mayar da ita rubutu. Saboda haka hirarraki hamsin suna nufin aikin watanni, kuma a nan ne yawanci ake watsewa. Mafita ita ce a fara da taƙaitawa: a saurara, a rubuta cewa minti na 12 ana maganar rijiya, minti na 25 ana maganar gobara, tare da duk sunan mutum ko wuri da aka ambata. Cikakken rubutu sai ga hirarrakin da suka fi nauyi. Idan ana rubutawa kuma, a bar maganar yadda aka faɗe ta. Kada a gyara wa tsohuwa Hausa.

Sai batun shekaru, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Tsofaffi ba su cika riƙe shekarar Miladiyya ba, amma suna riƙe da zamani. Aikin mai bincike shi ne ya tafi da jerin abubuwan da kowa ya sani ya riƙa jingina labari da su. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903. Layin dogo ya iso a 1911. Sarki Abbas ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. An kafa NEPU a 1950, Sarauniyar Ingila ta zo a 1956, Sarki Sanusi ya bar gadon sarauta a 1963, shekarar da aka naɗa Ado Bayero. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973, an kashe Murtala a 1976, rikicin Maitatsine ya faru a Disambar 1980, Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, jirgin sama ya faɗo a Gwammaja a 2002. Idan mace ta ce an yi mata aure da sadakin fam, ta kuma haifi ɗan fari bayan canjin kuɗi, an kama shekarun a tsakanin 'yan kaɗan. Idan takarda tana ɗauke da shekarar Hijira, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622: shekarar 1370 za ta ba da wajen 1951. Lissafin kusa ne, yana iya kaucewa da shekara guda, domin shekarun biyu ba su farawa tare.

Akwai wani lissafin da ke ɓata wa mutane rai, amma ba makawa a yi shi. Gidaje da yawa suna cewa kakansu ya zo Kano a zamanin Rumfa. Sai a ce a jero kakanni, a samu bakwai. Tsakanin uba da ɗa, a matsakaici, shekara 25 zuwa 35 ce. Kakanni bakwai suna kai mutum baya shekara 200 ne ko ɗan fiye, wato wajen zamanin Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Kafin a kai Rumfa ana buƙatar sama da goma sha biyar. Wannan ba ya nufin an yi ƙarya. Salsala takan zubar da sunayen tsakiya ta riƙe na farko da na kusa, wani lokaci kuma gidan ya shigo ne daga baya ya jingina da sunan unguwar. Abin da ya dace a rubuta shi ne: gidan yana cewa kaza, sunayen da aka iya jerowa sun kai zamani kaza. Mai karatu ya ga duka biyun.

Takardu sun fi yawa fiye da yadda ake tsammani, kuma waɗanda aka fi rainawa su suka fi amfani. Rasidin haraji yana nuna sunan magidanci da shekara, kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali bayan hawanta a 1979. Akwai takardun cinikin gida da ajami, da sunayen shaidu da na maƙwabta ta fuskoki huɗu, wanda hakan taswira ce a cikin kalmomi. Akwai takardun rabon gado daga kotun alƙali, da littafin bashi na fatake, da wasiƙun da dillalan goro suka aiko daga Gwanja, da fasfon aikin hajji, da katin jam'iyya. A gefen shafukan littattafan malamai kuma, ko a 'yan guntayen takardu da aka soka a tsakani, ana samun ranar haihuwa da ta rasuwa da aka rubuta a lokacin da abin ya faru.

Doka ta farko a kan takardu ita ce ba a fita da su daga gidan mai su. Gidaje da yawa a cikin birni suna da labarin wani mai bincike da ya ari littafi bai dawo da shi ba, shi ya sa ake rufe ƙofa. A ɗauki hoto a gaban mai abin, a kuma dawo masa da bugaggen kwafi. Wajen ɗauka, a kafe wayar a sama daidai tsakiyar shafi, a inuwa mai haske, ba tare da walƙiyar kyamara ba, a ajiye rula a gefe domin a san girman takardar. A ɗauki gaba da baya, har shafin da babu rubutu. Littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a cikin gafaka, kuma abin da ke nuna jerinsu shi ne kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Kada a sake jera su ko da an ga kamar sun hargitse. A ɗauka yadda aka same su, gyaran jeri a yi shi a kwamfuta. Shafin ƙarshe shi ya fi daraja, domin nan mai kwafa yakan rubuta sunansa, wani lokaci da na wanda ya sa shi aikin. Idan aka ɗaga takardar zuwa haske aka ga alamar jinjirin wata uku a jikinta, irin takardar Italiya ce da ta riƙa shigowa ta sahara, kuma wannan yana taimaka wa masana wajen ƙiyasta zamani. Idan da sikana, takarda a ɗauke ta da ɗigo 300 a kowane inci, tsohon hoto kuma 600, a ajiye uwar da tsarin TIFF.

Abin da ke lalata takarda a Kano sananne ne: gara, kyankyaso, ɓera, danshin Agusta, da bushewar hunturu da ke sa tsohuwar takarda ta kakkarye. Amma hannun mai son gyara ya fi su ɓarna. Liƙe takarda cikin roba da zafi, wanda ake yi a shagunan kwamfuta, ba ya warwaruwa, kuma manne da zafin suna cin takardar a hankali. Salatif yana barin tabo mai ruwan ƙasa ya kuma ɗebe tawada. Ƙusar sitefila tana tsatsa. Leda tana tara gumi da damina ta haifar da funfuna. Tawadar zuge kuwa ko ɗigon ruwa ya taɓa ta sai ta zube. Inda ba a samun kwalin ajiya na musamman, farin yadin auduga da aka wanke babu sitaci ya wadatar: a naɗe, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora a kan bulo nesa da katangar waje, a buɗe a duba kafin damina da bayanta.

Kaset ma takarda ce ta wani fanni. Kasusuwan tafsiri da na biki da na taron siyasa suna nan a cikin kwalaye, zafi yana cin su. A juye su ta kebul daga rikoda zuwa kwamfuta, ba ta hanyar kara wayar hannu a lasifika ba. Bidiyon biki na shekarun 1990 yana nuna lunguna da ƙofofin gidajen da yanzu babu su, ko da mai ɗaukar amarya yake bi.

Gine-gine su ne suka fi saurin tafiya. An rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa hanya aka sake gina ta, an bi kan Jakara da titi, ganuwar da aka sa a jerin wucin gadi na UNESCO a 2007 kuwa kowa yana ganin abin da ya saura daga gare ta. Idan wannan ne halin abin da hukuma ta sani, gidan talaka a lungu ba shi da mai tsaya masa. Ba a iya hana magada sayar da gidansu, kuma wanda rufin azara ke yoyo a kansa kowace damina yana da hujjar son siminti. Abin da ake iyawa shi ne a roƙi wuni guda kafin rusau. Mutum uku sun isa: mai awo da tef, mai zane a takarda, mai hoto. A zana shimfiɗar gidan daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida, a auna kowane ɗaki da kaurin katanga, a ɗauki rufin daga ciki domin a ga yadda aka jera azara ko aka yi ɗaurin guga, a ɗauki zanko da indararo da zanen ƙofar gida. A tambayi sunan maginin. Wurin gidan a alamta shi a taswira, amma kada a dogara da wayar kaɗai: a cikin ƙunƙuntar lungu takan kauce da mita biyar zuwa goma, wanda ya isa ya jefa gidan a na maƙwabci. A haɗa da zanen hannu mai sunayen lunguna, waɗanda yawancinsu ba su cikin Google Maps, ko da yake ana iya shigar da su kyauta a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya ƙara wa bayani.

Unguwannin bayan ganuwa suna buƙatar wata dabara. Fagge tsohon zangon ayarin Azbinawa ne, Sabon Gari kuwa an kafa ta a 1913 domin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo. A Sabon Gari rajistar baftisma da ta aure a coci, da littattafan ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, su ne madadin gafaka. Kuma tun da dubban 'yan ƙabilar Ibo sun bar ta a rikicin 1966, wani ɓangare na tarihinta yana bakin tsofaffin da ke kudu maso gabas yanzu. Da yake fulotai aka yanka a can, fayilolin Lardin Kano da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna sun fi yin magana a kansu fiye da lungunan cikin birni.

Duk abin da aka tara, sai an ba shi suna da lamba. Fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan unguwa, sannan lamba, misali 2024-03-15_Madabo_hira_007, ba tare da haruffa masu lanƙwasa a sunan ba, domin wasu na'urori suna hargitsa su. A buɗe rajista, ta takarda da ta kwamfuta, mai nuna lamba, mene ne, wa ya bayar, wa ya ɗauka, da abin da aka yarda a yi da shi. Hoton da ba a san wa ke ciki ba, ko yaushe aka ɗauka, ya zama ado kawai. Kwafi ya zama uku: biyu a faifan ajiya daban-daban, ɗaya a wani wuri da gobara ko ɓarawo ɗaya ba zai haɗa da sauran ba. Filasha da katin memori na ɗauko kaya ne, ba na ajiya ba, balle ga jabun da ke nuna giga 64 alhali cikinsu bai kai ba. Faifan a kunna shi a duba duk shekara, a sauya shi kamar bayan shekara biyar. Ajiyar intanet tana da nata tarko: giga 15 da Google ke bayarwa kyauta hira goma sha biyar zuwa talatin za su cinye ta, kamfanin yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba, kuma idan asusun yana rataye da layin mutum ɗaya, ranar da layin ya mutu an rufe ƙofa. Mutum biyu aƙalla su san mabuɗin.

Kwafi na ukun ya dace ya je wata cibiya: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, ko Jami'ar Bayero, ko Gidan Arewa a Kaduna, da rubutacciyar yarjejeniya kan wa zai gani. Littattafan Malam Umar Falke, malamin Tijjaniyya kuma ɗan kasuwa a Kano wanda ya rasu a 1962, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Sun tsira, an kuma yi musu kundi, wannan gaskiya ne. Amma ɗan Kano da ke son ganinsu sai ya nemi biza ko ya jira hoto. Ga unguwa, tsarin da ya fi shi ne asali ya zauna a gida, kwafi ya yi tafiya.

Wa zai riƙe a unguwar? Mai unguwa uban aiki ne, ba a shiga lungu da na'ura sai da saninsa. Amma kada kwafin ya zama a hannunsa shi kaɗai, domin gidansa yana cikin masu ruwa da tsaki a duk wata jayayyar sarauta. Kwamiti ƙarami ya fi: liman, malamin makaranta, dattijuwa, da matasa biyu masu sanin kwamfuta. Kuɗin ɗan siyasa ɗaya kuwa yakan zo da sharaɗin cewa kakansa ne ya sari unguwar.

Yaɗawa ita ce inda ake samun lada, ita ce kuma inda ake jawo rigima. Tarihin unguwa yana taɓa abubuwa uku masu zafi: bauta, da iyakar gida, da asali. Tsoho zai iya faɗa cewa gidan su wane bayin gidan su wane ne, kuma jikokinsu suna nan, wasu ma sun yi auratayya. Zai iya cewa filin da masallaci yake na kakansa ne, gobe a ga hirar a gaban alƙali. Irin wannan a ajiye shi, kada a goge, amma a rufe shi na wasu shekarun da aka amince, ko a cire sunaye a kwafin da za a fitar. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta sa yaɗa bayanin mai rai ba da izininsa ba ya zama abin tuhuma. Abin da za a fitar kuma a bambanta darajarsa: wanda takarda ta tabbatar, wanda mutum biyu da ba su haɗa dangi ba suka faɗa kowa daban, da wanda gida ɗaya ke faɗa. Idan ruwayoyi sun saɓa, a kawo su duka.

Facebook ya cika da tsofaffin hotunan Kano, kuma hoto guda yakan fito yau a matsayin Kurmi, gobe a matsayin wata kasuwa a Zariya. Maganin shi ne a rubuta wuri da shekara da mai hoton a farin gefen hoton kansa, domin bayanin da aka rubuta a ƙasa yana yankewa da zarar an tura. Idan za a aika hoto ta WhatsApp don ajiya, a aika shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta rage shi. Amma waɗanda suka ba da labarin yawancinsu ba su Facebook. Su rediyo suke ji, saboda haka guntun hira na minti biyar a tashar gari ya fi isa gare su. Hotuna ashirin da aka buga manya aka rataye a makarantar firamaren unguwa lokacin hutun Sallah ko ranar Takutaha suna jawo wani abin da ba a samu ta hanyar tambaya: mutane suna tsayawa su ce wannan ai wane ne, su koma gida su ɗauko nasu. A ajiye mutum da littafi a wurin domin rubuta gyare-gyaren.

Daga ƙarshe a buga ɗan littafi, ko shafi arba'in ne, da daidaitacciyar Hausa da haruffanta masu lanƙwasa, da shekarar bugu da sunayen waɗanda suka yarda a ambace su. A nemi lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa a kai musu kwafin da doka ta tanada, a kai wa ɗakunan karatun jami'o'i da makarantun unguwar, a kuma sa PDF ɗinsa a intanet. Wikipedia ta Hausa ba ta karɓar “in ji kakata” a matsayin madogara, amma bugaggen littafi da wata cibiya ta duba ana iya jingina da shi. Kwafin farko a kai gidajen da aka yi hira, a karanta wa waɗanda ba su karatun boko sashen da ya shafe su, a rubuta inda suka ce an yi kuskure domin bugu na biyu.